Dabarun kewaye a wurin aiki: tambayoyi da amsoshi kan ilimin da ke ɓoye a cikinsu

Duk wanda ya daɗe yana aiki ya san kusan kowane abu hanya biyu ake yin sa: wadda aka rubuta a littafin ƙa'ida, da wadda tsohon hannu zai raɗa maka a makonka na farko. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke yawan fitowa daga bakin ma'aikata da shugabanninsu game da hanya ta biyun. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da dabarar kewaye?

Ita ce hanyar da ma'aikaci ya ƙirƙiro da kansa don aiki ya tafi, a lokacin da hanyar da aka shimfiɗa masa ta toshe, ko ta yi nisa, ko ta ƙi dacewa da abin da ke gabansa. Manhajar ofis ta ƙi karɓar fom sai an cike wani gurbi da babu bayaninsa a hannu, sai akawu ya zuba sifili a wajen ya wuce. Kayan aiki sun ƙare a wani sashe, sai a aro na maƙwabta maimakon a tsaya jiran sito. Ƙofar da ke kulle kanta tana hana masu ɗauke da kaya wucewa, sai a tokare ta da kujera. A bakin ma'aikata ba ta da wani dogon suna. Abin da za ka ji shi ne "a yi maneji", ko "a yi 'yan dabaru", ko "ai haka muke yi a nan".

Sharaɗi biyu ne ke sa abu ya shiga wannan layi: akwai cikas na gaske, kuma burin mai dabarar shi ne aikin ya kammala. Wanda ya tsallake mataki don ya ci kuɗi ko ya binne ɓarnar da ya yi, ha'inci ya yi, kuma ba maganarsa ake yi a nan ba.

Me ya sa ma'aikata ke yin haka alhali ga ƙa'ida a rubuce?

Mai rubuta ƙa'ida yana hasashen yadda aiki zai kasance ne, mai aiki kuwa yana tsaye tsundum cikin yadda aikin yake. Masanin kiyaye haɗurra Erik Hollnagel ya daɗe yana jan hankali kan wannan tazara da ke tsakanin aikin da aka raya a zuci da aikin da ake yi da hannu. Ƙa'ida takan ɗauka cewa na'ura lafiyarta ƙalau, ma'aikata sun cika, intanet ba ta yanke ba, kuma mutum ɗaya ne ke jira. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, dole wani ya toshe giɓin.

Misali daga asibiti zai fito da abin fili. An kawo tsarin bakod, wato 'yan layukan nan da ake bugawa a jikin kaya don na'ura ta karanta, domin hana kuskuren ba da magani: nas za ta haska na'ura a kan abin hannun majinyaci, ta haska a kan maganin, kwamfuta ta tabbatar sun dace. A binciken da Ross Koppel da abokan aikinsa suka wallafa a 2008, wanda suka yi a asibitoci biyar na Amurka, sun ƙirga hanyoyi iri 15 da ma'aikatan jinya ke bi su kewaye tsarin. Wasu sukan manna kwafin bakod ɗin majinyaci a jikin keken kwamfuta ko a bakin ƙofa, su haska shi daga can ba tare da sun je gefen gado ba. Da aka bi diddigi sai aka sami dalilai iri 31: bakod ya yamutse ko ya yage, abin hannun ya jiƙe ko majinyaci ya tauna shi, batirin na'ura ya mutu, sadarwa tana yankewa, ko gaggawa ta taso. Kusan kowace dabara tana da matsalar kayan aiki ko ta tsari a bayanta.

Akwai wata shaidar kuma. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe da sanin wani salon yajin aiki da ba a barin bakin aiki a cikinsa, sai dai kowa ya bi kowace ƙa'ida sak, harafi da harafi. Aiki yakan yi tafiyar hawainiya ko ya tsaya cak. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan nauyin da 'yan dabarun yau da kullum ke ɗauke da shi.

Ashe ba karya doka ba ce aka yi wa ado da suna mai daɗi?

Wani lokaci karya doka ce tsagwaronta, babu amfanin ɓoye hakan. Amma kafin a yanke hukunci sai a san wace doka aka karya, kuma me aka kafa ta ta kare. Akwai dokar da aka rubuta bayan an yi asarar rai. Akwai kuma wadda ta samo asali daga wata tsohuwar na'ura da aka daina aiki da ita tuntuni, aka manta ba a goge ta ba. A cikin littafi da harafi iri ɗaya aka buga su. Wanda ya tsallake ta biyun ya nuna wa hukuma busasshen reshe, wanda ya tsallake ta farkon kuwa ya jefa mutane cikin haɗari komai kyan niyyarsa. Yadda ake rarrabe su yana cikin amsar da ke magana kan tantance dabara, can ƙasa.

In mutum ɗaya ne ke kauce wa ƙa'ida, ana iya cewa halinsa ne. In mutum ashirin ne a sassa daban-daban, ba tare da sun haɗa baki ba, ƙa'idar ya kamata a fara tuhuma.

Wane irin ilimi ne ke cikin dabarar da ma'aikaci ya yi don kansa?

Da farko tana nuna daidai inda tsari ke tangal-tangal, da irin daidaiton da rahoton wata-wata ba ya iya kawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma inda ka ga ya ajiye kwano, nan ruwan ke zuba. Sannan tana bayyana abin da aikin yake buƙata a zahiri. In ma'aikatan sito suna riƙe da wani ɗan littafi da suke rubuta kayan da suka kusa ƙarewa, duk da akwai manhaja, to littafin yana faɗin abin da manhajar ta gaza bayarwa, da tsarin da ya kamata ta bayar da shi.

Abu na uku shi ne mafi daraja a ganina. Dabarar da ta shekara ana yin ta, maganin matsala ne da aka riga aka gwada sau ɗaruruwa a ainihin fagen aiki, ba tare da an kashe kuɗin gwaji ba. Tana iya zama da aibi, amma ta tsallake jarrabawar da shawarwarin ɗakin taro da yawa ba su taɓa zaunawa ba. Wahalar kawai ita ce yawancin wannan ilimi a hannu da ido yake zaune. Masanin falsafa Michael Polanyi ya yi bayanin cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya faɗa yawa, kuma duk wanda ya taɓa tambayar ƙwararren makaniki yadda ya gane cutar inji daga ƙararsa ya ga gaskiyar haka.

In dabara tana aiki kuma kowa ya gamsu, me ya sa ba za a bar ta haka ba?

Saboda dabarar da ta yi aiki a ɓoye tana kashe ƙarar da ya kamata ta kai kunnen masu iya gyara. Anita Tucker da Amy Edmondson sun bi ma'aikatan jinya 26 a asibitoci tara na tsawon sa'o'i 239, suka wallafa abin da suka gani a 2003. A kashi 93 cikin ɗari na matsalolin da suka taso, nas ta yi abin da zai sa ta ci gaba da kula da majinyacinta ne kawai, ba tare da an taɓa tushen matsalar ba. Zanen gado ya ƙare, ta ɗauko na wani sashe. Majinyacinta ya samu, amma masu kawo kaya ba su san an yi ƙaranci ba, sashen da aka ɗebe wa kuma shi zai wayi gari da nasa ƙarancin. Masu binciken sun ƙiyasta cewa irin wannan faɗi-tashi yana cinye kimanin minti 33 a kowane duti na sa'a takwas.

Abin tausayin shi ne kyawawan halaye ne ke jawo haka. Ma'aikaci mai kishin aiki, wanda ba ya son ƙorafi kuma ba ya son damun kowa, shi ne ya fi saurin toshe ɓaraka ya yi shiru. A yaba masa, shi ma ya ji daɗin cewa ya iya. Gobe matsalar ta dawo, ya sake toshewa, har ranar da gajiya za ta cim masa ko ya bar aikin. Don haka ne masu binciken suka ce wurin aikin da ke son koyo yana buƙatar ma'aikacin da zai gyara abin da ke gabansa, sannan ya ɗaga murya ya faɗa.

Akwai kamfanin da ya taɓa mayar da irin waɗannan dabaru abin amfanin kowa?

Misalin da aka fi sani shi ne na Xerox. A shekarun 1980 Julian Orr, masanin halayyar al'umma da ke aiki a cibiyar binciken kamfanin, wanda shi ma ya taɓa yin aikin gyara, ya riƙa bin masu gyaran injinan fotokwafi duk inda suka je. Kamfani ya ba su littattafan da ke cewa in ka ga alama kaza, ka bi mataki kaza. Amma inji yakan tsufa, yakan sha zafi da ƙura, masu amfani da shi kuma kowa da halinsa, don haka cututtuka da yawa babu su a littafi. Abin da Orr ya gano shi ne masu gyaran a wajen cin abinci da hira suke koyar da juna, ta hanyar ba da labarin injin da ya ba su wahala da yadda suka shawo kansa. Abin da wani manaja zai ɗauka zaman banza ne, ashe nan ce makarantar.

Daga baya, a shekarun 1990, kamfanin ya kafa wani rumbun bayanai mai suna Eureka, wanda aka fara gwadawa a Faransa. Mai gyara zai shigar da dabararsa, ƙwararru daga cikin 'yan uwansa masu gyara su tantance ta, sannan a sake ta ga kowa. Abu biyu a cikin tsarin sun cancanci koyi. Masu tantancewa mutanen da suka san aikin da hannu ne, kuma kowace dabara tana fita ne da sunan mai ita. Masu gyaran sun fi son wannan a kan a biya su kuɗi bisa kowace dabara, domin kuɗi zai sa a cika rumbun da tarkace, suna kuwa yana sa mutum ya kiyaye abin da zai saka.

Ni shugaban sashe ne. Ta yaya zan gano dabarun da ake yi a ƙarƙashina?

Daga kujerarka ba za ka gan su ba, takardar tambayoyi ma ba za ta fito da su ba, domin mutum yakan rubuta abin da ya san ana so ya rubuta. Ka je inda ake aikin ka zauna, ka ce, "Nuna min yadda kake yi." Tambayoyi irin su "Me kake yi in na'urar ta ƙi?" da "Wane mataki ne ya fi cinye maka lokaci?" sun fi "Kana bin ƙa'ida?" buɗe baki. Ka sa ido kan 'yan takardun da aka manna a jikin kwamfuta, da littafin da ke cikin aljihun tebur, da salatif ɗin da aka liƙa a kan wani maɓalli, da mutumin nan guda da kowa ke kira in abu ya cije duk da ba aikinsa ba ne.

Sabon ma'aikaci ma taska ne. A watansa na farko yana ganin bambancin abin da aka koya masa a horo da abin da ya tarar, amma bayan wata shida idonsa ya saba. Ka tambaye shi tun da wuri. In kuma aikinku ta kwamfuta yake bi, bayanan da manhaja ke ajiyewa suna nuna inda ake tsallake mataki, da gargaɗin da ake yawan dannewa a wuce, da gurbin da ake cikewa da abu iri ɗaya kullum. Sai dai waɗannan bayanai wurin kawai suke nunawa. Dalilin yana bakin mai aikin, kuma ba zai faɗa ba sai ya amince, kamar yadda amsa ta gaba ta yi bayani.

Me ya sa mutane ke ɓoye dabarunsu, kuma me zai sa su faɗa?

Tsoro ne kan gaba: tsoron takardar tuhuma, da tsoron a ce ba ka iya aiki ba. Akwai kuma tsoron a ƙwace dabarar a bar ka da matsalar, wanda shugabanni ba su cika lura da shi ba. In an taɓa hana wata dabara ba tare da an gyara abin da ya haife ta ba, kowa ya koyi darasi, ta gaba ba za a gan ta ba. Wasu kuma ba ɓoyewa suke yi ba. Sun daɗe suna yi har sun manta cewa ba haka aka rubuta ba.

Harkar jiragen sama ta Amurka ta samo wata mafita tun 1976, lokacin da aka kafa tsarin kai rahoto cikin sirri. Hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ce ke karɓar rahoton, ba hukumar da ke hukunta matuƙa ba. Ana cire sunan mai rahoto, kuma wanda ya kai rahoton kuskuren da ba da gangan ya yi ba cikin kwana goma yana iya samun sassauci daga hukunci. Ba kowane wurin aiki ne zai iya kafa irin wannan ba, amma hikimar tana ɗaukuwa: a raba mai sauraro da mai hukunci. Edmondson ma, a wani bincikenta na farko a asibitoci, ta tarar cewa sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci sun fi kawo rahoton kuskure, saboda a can ne mutane ba sa jin tsoron faɗa. Shugaban da bai taɓa jin labarin wata dabara a sashensa ba, ya kamata abin ya dame shi.

Bayan an gano dabara, me za a yi da ita?

Ya danganta da abin da aka tarar. In ta fi hanyar da aka rubuta kyau kuma ba ta cutar da kowa, a gwada ta a wani sashe, a gyara mata fuska, a mayar da ita ƙa'ida, a kuma faɗi sunan mai ita. In faci ce kawai a kan wata ɓaraka, a gyara ɓarakar, dabarar za ta mutu da kanta: ranar da aka sa batiri mai kyau da bakod da ba ya yagewa, babu mai buƙatar manna kwafi a bakin ƙofa. In mai haɗari ce, a dakatar da ita nan take, amma a ba mutane wata hanya a ranar, domin cikas ɗin da ya haife ta yana nan.

Akwai kuma wadda za a ƙyale na ɗan lokaci saboda gyaran yana buƙatar kuɗi ko watanni. Wannan babu laifi, muddin an rubuta ta, an sa mata mai kula, an kuma sa ranar da za a sake dubawa. Abin wucin gadin da ba a sa wa rana ba, zama yake yi. Kowace hanya aka bi, a koma wa wanda ya kawo maganar a gaya masa abin da aka yanke da dalili. Ko amsar "a'a" ce, ta fi shiru.

Yaushe dabarar kewaye ke zama haɗari?

Lokacin da ta cire wani shinge da mai yin ta bai san amfaninsa ba. A ranar 30 ga Satumba 1999, a wata masana'antar sarrafa makamashin nukiliya da ke Tokaimura a Japan, ma'aikata uku suna haɗa ruwan yuraniyom. Tsarin da hukuma ta amince da shi ya tanadi na'urori masu wata siffa ta musamman da ke hana sinadarin taruwa wuri ɗaya. Amma an daɗe ana narkar da shi a bokitin ƙarfe don sauri, har abin ya shiga littafin cikin gida na kamfanin ba tare da izinin hukuma ba. A ranar sai aka ƙara wani yanke a kan wancan: suka riƙa juyewa kai tsaye cikin wani faffaɗan tanki, har aka tara kimanin kilo 16 inda iyaka take kilo 2.4. Sinadarin ya kama aiki da kansa yana fitar da tururin nukiliya mai kisa, biyu daga cikin ma'aikatan suka rasu daga baya, aka umarci mutane kimanin 310,000 su zauna a cikin gida.

Wannan labari yana da muhimmanci ga duk mai cewa a mayar da dabara ƙa'ida. A can ma an rubuta dabarar, amma ba a kai ta gaban wanda ya san dalilin siffar na'urorin ba. Rubutawa ba tare da tantancewa ba ƙarin haɗari ne, domin tana ba abin kamannin halal.

Haɗari na biyu a hankali yake shigowa. Diane Vaughan, wadda ta yi nazarin fashewar kumbon Challenger na ranar 28 ga Janairu 1986, ta nuna yadda aka riƙa ganin zoben robar da ke toshe mahaɗar roka yana lalacewa a tafiye-tafiyen baya, amma da yake kumbo yana dawowa lafiya, sai a ɗan faɗaɗa abin da ake kira karɓaɓɓe. Mutum bakwai suka rasu. Bayan shekara 17, a 2003, irin wannan sabo da ɓallewar soson da ke jikin tankin mai ya kai ga asarar kumbon Columbia da wasu mutum bakwai. "Mun saba yi, ba abin da ya faru" hujja ce mai rauni ƙwarai a inda haɗari ba ya zuwa sai jefi-jefi.

To yaya za a tantance dabara mai kyau da mai haɗari?

Tambayar farko ita ce: matakin da aka tsallake, me aka sa shi ya hana? In babu wanda ya sani a sashen, a nemo wanda ya sani kafin a ci gaba. Daga nan a duba wanda zai ɗauki asarar in abin ya ɓaci, da ko ana iya gyara ta. Fom da aka cike ba daidai ba ana sake shi, maganin da aka ba wanda ba nasa ba kuwa ya riga ya shiga jiki. A kuma duba ko dabarar tana tura matsala gaba ne kawai, kamar zanen gadon da aka ambata a sama, da ko tana aiki a hannun kowa ko sai a hannun gwanin da ya ƙirƙiro ta.

Abin da ya faru a kumbon Apollo 13 a watan Afrilun 1970 ya nuna yadda dabara take in an yi ta da kyau. Iskar da 'yan sama jannatin ke fitarwa ta fara taruwa, matatun da ke akwai masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuma zagayayye. Injiniyoyi a ƙasa suka haɗa mahaɗi da leda da kwali da salatif, irin kayan da ke cikin kumbon kawai. Sun gwada shi a ƙasa tukuna, suka rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, sannan suka karanta wa na sama. A fili aka yi ta, da sanin waɗanda suka fahimci tsarin gaba ɗaya.

Fayilolin Excel da zaurukan WhatsApp da ma'aikata ke buɗewa ba da sanin sashen kwamfuta ba fa?

Su ne dabarun kewaye da suka fi yawa a ofisoshin yau, kuma kowannensu bayani ne kyauta na abin da manhajar hukuma ta rasa. Kafin a sayi sabuwar manhaja, tattara waɗannan fayiloli a duba ginshiƙansu ya fi dogon taro amfani. Matsalarsu ita ce sukan girma su wuce ƙarfinsu ba wanda ya lura, sukan dogara da mutum ɗaya, kuma bayanan sirri sukan fita ta cikinsu. A Ingila a 2020, sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, saboda ana tattara bayanan ne a wani tsohon samfurin fayil na Excel da ba ya ɗaukar layi fiye da kimanin 65,000. Da fayil ya cika, sauran suka zube ba tare da wata ƙara ba, aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Hanawa kawai ba ta kashe irin waɗannan fayiloli, ɓuya suke ƙara yi. Gara a san da su, a ware waɗanda aiki ya rataya a kansu, a ba su kulawar da ake ba manhajar gaske.

Kamfanoni irin su Toyota an san su da tsananin bin ƙa'ida. Ina dabarar ma'aikaci take shiga a can?

Ta ƙofar gaba take shiga. Toyota tana da tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata tun 1951, kuma a masana'antunta ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya kira shugaban rukuninsa da zarar ya ga matsala, har layi ya tsaya in ba a warware ta ba. Wato an mayar da faɗin matsala abu mafi sauƙi fiye da kewaye ta. Ƙa'idar aiki kuma ana ɗaukar ta a matsayin hanya mafi kyau da aka sani zuwa yau, wadda masu aikin ke da hannu wajen rubutawa da sauyawa.

An ga tasirin haka a masana'antar NUMMI da ta kasance a Fremont ta Kalifoniya, wadda Toyota da General Motors suka buɗe tare a 1984. Yawancin ma'aikatan su ne na tsohuwar masana'antar da aka rufe a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin inganci. Da aka ba su agogon awo suka riƙa auna aikinsu da kansu suna tsara shi, ingancin motocin ya tashi cikin ɗan lokaci. Mutanen dai su ne, abin da ya sauya shi ne inda iliminsu ke zuwa.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne. Yaya zan gaya wa oga dabarata ba tare da na jawo wa kaina ba?

Ka fara da matsalar kafin dabarar, kuma ka zo da lissafi: sau nawa abin ya faru a mako biyu, minti nawa yake ci, wa yake shafa. Sannan ka ce ga abin da ake yi a halin yanzu don aiki ya tafi, ga kuma abin da kake tsoro game da shi. Kada ka ambaci sunan abokan aikinka. In da hali ku je ku biyu ko uku, domin a gane ba ƙorafin mutum ɗaya ba ne. Ka zaɓi lokacin da hankali yake kwance, ka kuma nemi abu ƙarami da za a iya amsawa, kamar a gwada na mako ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma shugaba mai hankali ya san haka.

In dabarar ta shafi lafiyar mutane ko dukiyar da aka ba ku amana, kada ka jira lokacin da ya dace. Ka faɗa a rubuce, ka ajiye kwafi, in ba a saurare ka ba ka bi hanyar kai rahoto ta gaba.

In kowace dabara aka mayar da ita ƙa'ida, littafin ba zai kumbura har a koma gidan jiya ba?

Zai kumbura, in ƙari kawai ake yi ba a ragewa. Duk lokacin da sabuwar hanya ta shiga, a cire wadda ta maye gurbinta. Wasu dabarun kuma ba su dace da zama doka ba sam, domin amfaninsu yana ga sanin lokacin da za a yi su. Irin waɗannan a ajiye su a matsayin shawara mai ɗauke da labarinta, kamar yadda aka yi a Xerox: ga halin da aka shiga, ga abin da aka gwada, ga inda bai yi ba.

Wanda ya fi kowa sanin dabarun sashenmu ya kusa ritaya. Me za mu yi?

Kada ku ba shi takarda ku ce ya rubuta abin da ya sani, domin abin da ke littafi zai sake rubuto muku. Ku haɗa shi da wanda zai gaje shi su yi aiki tare na wasu watanni, musamman a lokutan da aiki ke cakuɗewa, kamar ƙarshen wata ko ranar da na'ura ta lalace. Magajin ya riƙe littafi, duk inda ya ga hannun dattijon ya bar abin da aka rubuta ya tambaya: "Baba, me ya sa a nan ba ka bi ta can ba?" Ku tambaye shi labarin ranakun da suka fi ba shi wahala, da sunayen ofisoshin da yake kira in abu ya tsaya, da abin da yake dubawa kafin ya amince da wata takarda ko wani inji.

A makonnin ƙarshe a juya: magajin ya yi aikin, shi kuma ya zauna gefe yana kallo, ba zai sa baki ba sai an tambaye shi ko ya ga za a yi ɓarna. Jerin dabarun da aka tattara kuma a bi da su ta tantancewar da aka bayyana a sama, domin a cikinsu za a sami waɗanda ya ƙirƙira don wata matsala da aka gyara tun shekaru, da waɗanda ke rufe wata ɓaraka da har yau babu wanda ya kai rahotonta.